Me ake nufi da "kai ƙara" a kan abin da ya faru a intanet?

A Damagaram mutane da yawa na ɗauka cewa in sun danna maɓallin kai rahoto a Facebook ko WhatsApp, sun kai ƙara ke nan. Ba haka ba ne. Wannan rahoto kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, yake tafiya, can Amurka. A WhatsApp, saƙonni 5 na ƙarshe da mutumin ya turo maka su ake miƙa wa kamfanin. Iyakar abin da za su yi shi ne goge rubutu ko rufe shafi. Ga labarin ƙarya da ke yawo, kamar maganin bogi ko tsohon hoton da aka ce na jiya ne, wannan kan wadatar, sai ka ƙara da gaya wa mai kula da zauren WhatsApp ɗin da aka turo shi ya cire shi.

Barazana kuwa wani abu ne daban. In an ce za a kashe ka, ko za a watsa hotunan 'yarka in ba ka turo kuɗi ba, kai ƙara yana nufin ka taka da ƙafarka zuwa ofishin 'yan sanda ko na jandarma, ko ka rubuta wa mai gabatar da ƙara a babbar kotun Zinder. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 3 ga Yuli 2019. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kunya ke sa wasu mata goge saƙon nan take. Don Allah kada a goge. A ɗauki hoton allo, a adana muryar, lambar wayar da ranar, kafin a toshe mutumin. Hukuma da shaida take aiki.

Likita ko lauyan da ya ci amanar aikinsa yana da ƙungiyar da ke ladabtar da shi: majalisar likitoci ta ƙasa, ko shugaban lauyoyi. Wanda aka yaɗa bayanan sirrinsa kuma, akwai HAPDP, hukumar kare bayanan sirrin mutane, a Yamai.

A yi hattara da tona asirin mutum a Facebook da sunan neman haƙƙi. A Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, don haka wanda aka zalunta yana iya wayar gari shi ake tuhuma. Tura saƙon da wani ya rubuta ma yana iya jawo wa mutum shari'a, ko daga zauren dangi na unguwar Birni ko Zango ya same shi.