Tayoyin Hunturu Biyu Ba Su Isar wa Ƙaramar Mota

An daɗe ana ɗauka cewa, tun da yawancin ƙananan motoci da ƙafafun gaba suke ja, tayoyin hunturu biyu a gaba sun isa tuƙi cikin dusar ƙanƙara. Wannan kuskure ne mai haɗari. Robar tayar bazara takan taurare idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7 na Salshiyas, ta hunturu kuwa tana nan da laushinta. Idan aka gauraya su, gaba zai riƙe titi, baya ya sulluɓe, har motar ta juya da direba a kan kwana. Huɗu ake sanyawa, iri ɗaya, masu tambarin dutse mai ƙololuwa uku, wato alamar da ake bugawa a jikin taya don nuna cewa ta dace da dusar ƙanƙara.