Waiwaye: Malam-buɗe-littafi mai kan ƙarya

A kurmin Afirka ta Yamma, daga Saliyo zuwa kudancin Najeriya da Kamaru, akwai wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi da masana ke kira Oxylides faunus. Dru Drury, wani maƙerin azurfa na birnin Landan mai sha'awar tara ƙwari, shi ya raɗa masa suna a 1773. Girmansa bai taka kara ya karya ba. Abin da ya sa ake ta maganarsa yana can ƙarshen fukafukansa na baya: wasu siraran jeloli masu kama da ƙahonnin kai, da ɗigon baƙi kamar ido. In ya sauka kan ganye, sai ka rantse kansa na wajen gindi.

Tun ƙarni na 19 masana ke cewa wannan dabara ce ta ruɗin tsuntsu, ya kai sara baya, ya tashi da guntun fiffike, mai shi ya tsira. Magana ce mai daɗin ji, amma ta daɗe babu hujja.

A 1981 wani masanin ƙwari, Robert Robbins, ya bi ta wata hanya. Ya duba dangin wannan ƙwaro a Latin Amurka, ya tarar waɗanda kan ƙaryarsu ya fi cika su suka fi yawan tabon cizo a fukafukan baya. Wato an kai musu hari, sun sha. Shekara guda bayan haka Torben Larsen, ɗan ƙasar Denmark, ya rubuta abin da ya gani game da faunus: dab da sauka sai ya juya, jela ta koma inda ake zaton kai. Mai farauta na jiran ya tashi ta nan, shi ko ya yi can.

Ni dai gwajin Andrei Sourakov na Jami'ar Florida a 2013 ya fi gamsar da ni. Ya haɗa gizo-gizo mai tsalle da wani ɗan uwan faunus, Calycopis cecrops, a wuri guda. Duk sanda gizon ya daka tsalle, kan ƙaryar yake cafka, ƙwaron ya kuɓuce, alhali sauran ƙwarin da aka ba shi ya kama su. Ashe ba tsuntsu kaɗai ake yi wa wayon ba, har da wannan ɗan mitsitsin maharbi da masana suka daɗe ba su sa shi a lissafi ba.