Ma'anar kalmar "tson" a Ibranancin Tsohon Alkawari

Tson (צֹאן) ita ce kalmar da Ibranancin Tsohon Alkawari ke kiran ƙananan dabbobin kiwo da ita, wato tumaki da awaki a haɗe. Ta zo fiye da sau 270. Baƙaƙenta uku ne, tsade da alef da nun, sai dai ba a furta alef ɗin. Taron dabbobi take nufi. In ɗaya tak ake magana a kai, sai a ce seh. Shanu kuwa baqar ne, shi ya sa Littafin Firistoci 1:2 ya raba dabbobin hadaya gida biyu, baqar da tson.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga tson a ce "tumaki" kawai, a manta da awaki. Firistoci 1:10 ya fito da zancen fili: hadaya daga tson, ko tunkiya ko akuya. Haka ma dabbar Idin Ƙetarewa (idin tunawa da fitar Isra'ilawa daga Masar) a Fitowa 12:5, namiji bana ɗaya marar aibu, "daga tumaki ko daga awaki". Ashe ɗan akuya ma ya halatta, ko da yake ɗan rago ne ya zauna a zukatan masu karatu. Ladan kiwon da Yakubu ya nema wurin Laban a Farawa 30:32 ma daga tson ne, kuma ya ƙunshi baƙaƙen tumaki da awaki masu dabbare-dabbare.

Dokar sata tana nuna yadda seh da tson suke aiki tare. A Fitowa 22:1 (21:37 a lissafin Ibrananci), ɓarawon da ya yanka ko ya sayar da seh ɗaya zai biya tson huɗu, na bijimi ɗaya kuma shanu biyar.

Akwai inda ma'anar take tsukewa. Wani mutum mai suna Nabal yana da tson 3,000 da awaki 1,000 (1 Sama'ila 25:2). Tunda an ware awakin, tumaki zalla ake nufi. Dabarar ke nan: a duba ko ayar ta ambaci awaki daban. In ba ta yi ba, kamar tson 7,000 na Ayuba 1:3, babu hujjar fitar da su.

Masu Larabci za su gane 'yar'uwar tson, da'an (ضأن), wadda ta zo a Suratul An'am aya ta 143 gefe da ma'az, awaki. A Larabci tumaki kaɗai take nufi, don haka ba a ɗora ma'anarta a kan ta Ibrananci kai tsaye.