Kwamfuta a hannun kowane ɗalibi: za ta gyara karatu a Damagaram?

Daga ina wannan tunani ya fito?

A 2005 ne Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya ɓullo da shirin ba kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka, da burin kuɗinta kada ya wuce dalar Amurka 100. Urugwai ta soma rabo a 2007, Ruwanda ta bi sahu a 2008.

To karatun yaran ya ƙaru?

Nan ake yin ta. Peru ta sayi dubban ɗaruruwa ta kai ƙauyuka. Binciken da aka fitar a 2012 kan makarantu 319 ya nuna cewa bayan wata 15 yara sun iya sarrafa na'urar sarai, kaifin tunaninsu ma ya ɗan ƙaru, amma a lissafi da karatun harshe babu abin da ya motsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: an miƙa na'ura, an bar malami da darasinsa yadda suke jiya.

Ke nan asarar kuɗi ce?

A'a. A Delhi ta Indiya an gwada manhajar Mindspark, wadda ke fara auna inda yaro ya tsaya, sannan ta ba shi aiki daidai ƙarfinsa. Cikin wata huɗu da rabi yaran sun ci gaba a lissafi da harshen Hindi. Sai dai a cibiya suke zuwa bayan an tashi makaranta, da mai kula da su a tsaye. Ba wanda ya tafi da kwamfuta gida.

Mu nan fa?

A leƙa aji na zana a gefen Mirya ko Magarya. Yara zaune a tabarma, wasu a ƙasa, ƙurar hunturu na shigowa ta ko'ina, littafi guda hannu uku na ja. Ina za a sa caji? Ina za a kulle na'urorin da dare? Allo ya tsage, wa zai gyara, tun da masu gyaran suna cikin gari? Kuma ga babbar matsalar: gwajin PASEC na 2014, mai auna karatun 'yan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya gano cewa kusan tara cikin goma na yaran Nijar masu gama firamare ba su kai matakin karatun da ake bukata ba. Yaron da bai iya haɗa baƙi ba, in ka ba shi kwamfuta hotuna zai kalla. A ganina, raba ta a firamare yanzu ɗora wa jaki sirdi ne.

Sai a haƙura da ita gaba ɗaya?

Haba, ina! Ɗalibin lise da zai shiga Jami'ar André Salifou ta Damagaram bai taɓa riƙe kwamfuta ba, an cuce shi. A soma da ɗaki guda mai sola a kowane kwaleji da lise, ajujuwa na shiga bi da bi, malamai su riga ɗalibai samun horo, a kuma ware kuɗin gyara da na batir tun ranar saye.