Kwazar fa ba tauraro ba ne

Jiya da dare a fada nan Tawa, an ɗauke wuta muna shan shayi muna kallon sama, wani ƙanena ya nuna Zara wai ai irin wannan ne kwazar, tauraro mai shegen haske. Na ce a'a ɗan'uwa, Zara ma kanta ba tauraro ba ce, duniya ce irin tamu, kwazar kuwa ido tsirara ba ya ganinshi sam.

Ruɗanin ya daɗe, don a madubin hangen nesa ɗan ɗigo ne kamar tauraro, masana ma sun ɗauka haka, sai a 1963 wani masanin taurari Maarten Schmidt a Amurka ya binciki hasken wanda ake kira 3C 273 ya gano nisanshi ya wuce hankali, haskenshi sai ya yi tafiyar shekara sama da miliyar 2 kafin ya iso mu. To abin da ke can ƙurya haka kuma ana hangenshi, ai ba tauraro guda ba ne.

Kwazar tsakiyar gungun taurari ce, inda wani ƙaton baƙin rami, wato wuri mai ƙarfin jan da ko haske ba ya kuɓuce mishi, ke haɗiye iskar gas. Ramin kanshi ba ya haske ko kaɗan, nan ma mutane ke kuskure. Gas ɗin ne ke kewaya shi da gudu yana gugar juna kamar hatsi a bakin dutsen niƙa har ya ɗau zafi, haskenshi ya danne na taurarin gungun gaba ɗaya.

Ƙanen nawa dai ya ce sai ya gani da idonshi, muka ce ya zuba shayi na biyu tukuna.