Ƙaramin ƙwaro mai fiffiken raga: ku san shi kafin ku ɗauki abin feshi

'Yan'uwa masu lambu a Dzorwulu, Korle Bu da sauran sassan Accra, ba kowane ƙwaro da ya sauka a kan kabeji ne ɓarawo ba. Akwai wani ɗan ƙarami, ruwan ƙasa, tsawonsa bai cika wuce santimita 1 ba, wanda abincinsa darɓa ce, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye har ya nannaɗe.

Ku duba fiffikensa da kyau. Guda huɗu ne, jijiyoyi sun sassarƙe a cikinsu kamar raga, da ɗan gashi-gashi. In ya zauna sai ya kifa su a bayansa kamar rufin kwano. Gashin nan biyu na kansa dogaye ne, gaɓa-gaɓa. Da dare yake yawo, yakan zo wurin fitila. Ku shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin ganye ku kaɗa: zai faɗo ya yi lamo kamar ya mutu.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne da ɗan malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke huda kabeji, don girmansu da launinsu sun yi kusa. Ku shafa fiffike da yatsa. Na mai ɓarna yana barin ƙura, na mai raga ba ya bari. Yana kuma da ɗan'uwa kore da ya fi shi girma. Koren yana rataye ƙwansa a kan siririn zare, mai ruwan ƙasan kuwa manna nasa yake yi a jikin ganye kai tsaye.

Tsutsarsa siririya ce, mai ƙafa shida da baki kamar lauje biyu. Tana soke darɓa ta zuƙe ruwan jikinta. Babban ma yana ci.

Dangin, mai suna Hemerobiidae, ya haura iri 500, kuma ana samunsa kusan ko'ina a duniya. Wani irinsa, Micromus timidus, ya bazu daga Afirka zuwa Indiya, har Ostareliya da tsibiran Pasifik. Ba baƙo ba ne a nahiyarmu.

Matsalar tana zuwa ne daga feshin kan-mai-uwa-da-wabi. Magani irin lambda-cyhalothrin yana kashe mai ci da abin ci gaba ɗaya. Darɓa kuwa haihuwa take yi ba tare da namiji ba, cikin kusan mako ɗaya 'ya'yan sun fara tasu haihuwar, saboda haka ita ce ke fara dawowa, ta tarar babu mai taɓa ta.

Don haka a riƙa juya ganye da sassafe, sau biyu a mako. In an ga tsutsar mai fiffiken raga a cikin darɓa, a dakata kwana biyu ko uku a sake dubawa. In dole sai an fesa, a daka 'ya'yan dogon yaro giram 50, a jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace, a fesa wa kunyar da ta kamu kaɗai. A kuma kula da tururuwa, domin gadin darɓa take yi saboda ruwan zaƙin da darɓar ke fitarwa, tana korar tsutsar.