Hanyoyin keke na Chianti da kudancin Siyena

Hanyoyin keke na Chianti da kudancin birnin Siyena tarin hanyoyi ne na karkara a yankin Tuskani da ke tsakiyar ƙasar Italiya, waɗanda suka ratsa tuddai da gonakin inabi da zaitun tun daga kudancin birnin Fulorans har zuwa kwarin Orcia. Wasu an shimfiɗa musu kwalta, wasu kuwa hanyoyin burji ne na farar tsakuwa, waɗanda mutanen wurin ke kira strade bianche, wato fararen hanyoyi. Mahaya keke daga ƙasashe da dama na zuwa yankin saboda abu biyu da suka haɗu a wuri guda: ƙasa mai hawa da sauka wadda ke gwada ƙarfin ƙafa, da tsofaffin garuruwa masu ganuwa da ba a yin nisa ba a ci karo da ɗaya ba.

Yanayin ƙasa

Yankin ba shi da dogayen duwatsu irin na arewacin Italiya, amma kuma da wuya mahayi ya samu shimfiɗaɗɗen fili ya huta. Da ya gama hawa sai gangara, kafin ya gama jin daɗin gangarar wani tudun ya tare shi. A arewacin Siyena, inda ake kira Chianti, tuddan na da daji da gonakin inabi, ƙasar kuma mai duwatsu ce. A kudu maso gabas akwai Crete Senesi, ƙasar yumɓu mai launin toka, inda bishiya ta yi ƙaranci sai gonakin alkama da garken tumaki. A nan rana ke dukan mahayi babu inuwar fakewa, in kuma aka yi ruwa hanya ta koma taɓo mai maƙale wa taya. Can kudu da shi sai kwarin Orcia, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2004.

Dalilin da ya sa garuruwan suke bisa tudu

Mahayi ba zai daɗe ba zai lura cewa kusan kowane gari a kan tudu yake, don haka shiga gari na nufin hawa. Yaƙi ne ya jawo haka. Shekaru ɗaruruwa Fulorans da Siyena, kowace jamhuriya mai cin gashin kanta, suna ja-in-ja a kan wannan ƙasa. A 1260 dakarun Siyena suka yi wa na Fulorans kaca-kaca a Montaperti, gabas da birnin kaɗan. Kafin nan, a farkon ƙarni na 13, Siyena ta gina Monteriggioni mai hasumiyoyi 14 don tsare iyakarta ta arewa, ganuwar kuma tana nan har yau. Fulorans a nata ɓangaren ta haɗa Radda da Gaiole da Castellina cikin ƙawancen tsaro na Chianti, wanda tambarinsa baƙin zakara ne. Siyena ta faɗi a 1555 bayan doguwar ƙawanya, amma wasu daga cikin manyanta suka koma Montalcino suka ci gaba da riƙe jamhuriyarsu har 1559.

Akwai kuma tsohuwar hanyar masu ziyarar ibada zuwa Rum, Via Francigena, wadda babban limamin cocin Canterbury mai suna Sigeric ya bi wajen shekara ta 990 ya kuma rubuta zangunanta. Ta ratsa Siyena da Buonconvento da San Quirico d'Orcia, kuma ita ta kawo wa waɗannan garuruwa arzikin fatauci da masauki. A Buonconvento ne sarkin daular Rum ta Jamusawa, Henry na 7, ya rasu a 1313.

Yadda fararen hanyoyin suka tsira

Har tsakiyar ƙarni na 20, yawancin manoman Tuskani ba su da gonar kansu. Iyali su zauna a gidan gonar mai ƙasa, su noma, a raba amfani biyu, tsarin da ake kira mezzadria. Bayan yaƙin duniya na biyu masana'antu suka buɗe a birane, matasa suka yi ta barin ƙauye, a 1964 kuma doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Gidajen gona da yawa suka zama kufai. Hanyar da babu mai binta kuwa ba a gaggawar kai mata kwalta, shi ya sa hanyoyin burji da yawa suka rage yadda suke. Abin da ake ɗauka alamar koma-baya a lokacin, shi ne yau ya zama jarin yankin.

L'Eroica

A 1997 wani ɗan garin Gaiole mai suna Giancarlo Brocci ya shirya hawan keke a kan waɗannan hanyoyi, ya sa masa suna L'Eroica, ma'ana ta jarumai. Mutum 92 ne suka fito karon farko. Manufarsa biyu ce: a tuna da tseren keke na zamanin da, kuma a hana kwalta cinye sauran fararen hanyoyin. Ana yin taron a farkon Oktoba kowace shekara, yanzu dubban mutane ke halarta, an kuma kwaikwayi tsarin a ƙasashe irin su Japan da Amurka da Sifen da Afirka ta Kudu.

Ba kowane keke ake shiga da shi ba. Ka'ida ita ce keken tsere ƙirar 1987 ko kafin nan, ko sabo da aka ƙera a kan wancan salo: mariƙin canja giya a jikin ƙarfen keken ba a hannu ba, feda mai maɗaurin ƙafa, wayar birki a waje tana lanƙwasa ta saman kan keke. Mutane kan sa rigunan ulu na da, wasu su rataya tayar safaya a kafaɗa. Akwai gajerun hanyoyi ga mai son shan iska, amma doguwar ta kai kilomita 209, jimillar hawanta ya haura mita 3,000, kuma kusan rabinta burji ne.

Masu doguwar hanya kan tashi daga Gaiole tun da asuba, gari bai waye ba. Hawan farko na kai su fadar Brolio, ta cikin layin dogayen bishiyoyi da ake jera wa fitilu a gefe ranar taron, ba a jin komai sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya da numfashin mutane. Fadar na hannun iyalin Ricasoli tun 1141. Ɗaya daga cikinsu, Bettino Ricasoli, ya yi firaministan Italiya sau biyu bayan haɗewar ƙasar, shi ne kuma a 1872 ya tsara haɗin inabin da giyar Chianti ta yi suna da shi. Daga nan hanya ta wuce ta gefen Siyena, ta bi ta Murlo, ta hau zuwa Montalcino, sannan ta juyo arewa ta Asciano. Bayan Asciano ne Monte Sante Marie yake, kimanin kilomita 11 na burji mai tuddai masu tsayi a jere, inda wasu mahaya kan sauka su tura. A zangunan hutu ba abincin 'yan wasa na zamani ake bayarwa ba, ribollita ce, miyar wake da ganye da busasshen burodi. Mahayi kan iso ƙarshe fari fat da ƙura, kamar wanda ya fito daga injin niƙa.

An kafa alamomi a kan wannan hanya na dindindin, don haka ana iya binta kowane lokaci, da kowane irin keke, a raba ta kwana biyu ko uku. Ga wanda ya zo don ganin wurare, hakan ya fi, domin mai fafutukar gama kilomita 209 a yini ɗaya ba ya ganin komai sai tayar gabansa.

Tseren ƙwararru

Farin jinin L'Eroica ya haifar da tseren ƙwararru a 2007, wanda daga baya aka sa wa suna Strade Bianche aka kuma mayar da shi watan Maris. An fara na mata a 2015. Fabian Cancellara na Suwizalan ya lashe shi sau uku, a 2008 da 2012 da 2016, aka raɗa wa sashen Monte Sante Marie sunansa. A wannan sashe ne Tadej Pogačar na Sulobeniya ya tsere wa abokan takara a 2024, saura kusan kilomita 80, ya ƙarasa shi kaɗai. Ƙarshen tseren na cikin tsohon birnin Siyena: a hau Via Santa Caterina, siririn titi mai daɓen dutse da tsananin tudu, a gangara dandalin Piazza del Campo, ƙarƙashin hasumiyar Mangia da aka gina tsakanin 1338 da 1348. A dandalin nan ake sukuwar dawaki ta Palio ranakun 2 ga Yuli da 16 ga Agusta.

Hanyoyin kwalta

Wanda ba ya son tsakuwa yana da zaɓi. Via Chiantigiana ta haɗa Fulorans da Siyena ta Greve da Panzano da Castellina, sai dai motoci kan yi yawa a kanta lokacin baƙi. A kudu ana zagaya San Quirico da Bagno Vignoni, ƙauyen da tafkin ruwan zafi ne a tsakiyarsa maimakon dandali, da Pienza, garin da Fafaroma Pius na 2 ya sake ginawa daga 1459 a mahaifarsa. Kusa da Asciano akwai gidan ibada na Monte Oliveto Maggiore, na farkon ƙarni na 14.

Lokaci da shiri

Afrilu zuwa Yuni da Satumba zuwa Oktoba sun fi dacewa, Yuli da Agusta zafi ya yi yawa. Faffaɗar taya ta fi siririya a kan burji, giya mai sauƙi kuma dole ce. Haɗarin ya fi yawa a gangara, inda tsakuwa ke taruwa a kan kwana, wanda ya matse birkin gaba da ƙarfi a nan sai ya sha ƙasa. Tsakanin ƙauyukan Crete Senesi ana iya yin tafiya mai nisa ba shago ba mai gyara, saboda haka mahaya kan riƙe ruwa isasshe da famfo da kayan faci.